Ɗakin sanyi a fili: kwantena ko na haɗawa?

Hajiya Mai Sito:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wurin masu ilimin abin. Sana'ata sarin kayan da ba sa jure ajiya ne, kayan lambu da 'ya'yan itace, wani lokaci har da ɗanyen nama da kifi. Firji da firizojin da ke cikin sito sun yi mana kaɗan, kuma cikin ginin babu sauran wurin da za a kafa ɗakin sanyi. Fili ne kawai a bayan ginin, babu rumfa, rana na dukansa tun hantsi har la'asar. Mutum biyu sun zo sun duba. Na farko ya ce in sayi kwantena mai injin sanyi, irin wadda ta gama aiki a jirgin ruwa, a kawo a sauke a jona wuta, shike nan. Na biyu ya ce kwantena wahala ce, gara a haɗa mini ɗaki da allunan nan masu kumfa a ciki, a girke injin a gefe. Kowannensu hajarsa yake yabo, shi ya sa na kawo maganar nan inda ba mai neman sayar mini da komai. Wanne ya fi?

Tsohon Makanike:
Wa alaikumussalam Hajiya. Kwantena, ba sai an ja magana ba. Na yi shekaru ina kwance injinta ina ɗaurawa. An ƙera ta ne don ta zauna a saman jirgi cikin rana da ruwan sama da iskar gishiri, ana ɗaga ta da ƙugiya ana jibge ta. Ɗakin allo kuwa asalinsa na cikin gini ne, aka fito da shi waje aka yi masa hula. Injunan Carrier da Thermo King da Daikin da Star Cool an san su a kowace tashar jiragen ruwa, kayan gyaransu ba sa ɓuya. Mai ƙafa 20 tana ɗaukar wajen kubik mita 28, doguwar mai ƙafa 40 wajen 67. Kuma ranar da kika tashi daga wurin, mota za ki kira ta ɗauke miki abinki.

Injiniyan Sanyi:
Baba, ƙarfin jikin kwantena ba wanda zai yi musu da kai. Amma kafin a kai ga wanne ya fi, akwai tambayar da Hajiya ba ta amsa ba, kuma ina zaton waɗanda suka zo duba filin ba su yi mata ita ba. Hajiya, kayan nan da sanyinsu suke zuwa miki, ko da zafinsu? Kilo nawa ke shiga a rana? Sau nawa za a buɗe ƙofa?

Hajiya Mai Sito:
Injiniya, gaskiya ba wanda ya tambaye ni. Faɗin fili kawai suka auna. Kayan lambun da zafinsu suke zuwa, kai tsaye daga mota, kamar tan ɗaya ko ɗaya da rabi a rana. Ƙofa kuwa yara na shiga suna fita duk yini.

Injiniyan Sanyi:
To ga inda gizo ke saƙa. Bari in yi lissafin a fili kowa ya gani.

Allon kumfar foliyuretan mai kaurin milimita 100 yana barin zafi ya ratsa wajen wat 0.22 a kowace murabba'in mita, a kan kowane digiri na bambanci tsakanin ciki da waje. A ce bango da rufi da daɓe sun haɗu sun kai murabba'in mita 50, waje digiri 40, ciki digiri 2. Bambanci 38 ke nan. In kika ninka, zafin da ke kutsowa ta jikin ɗakin wat 420 ne ko kusa da haka, wato kilowat-awa 10 a yini da kwana.

Yanzu ɗauki tan ɗaya na kayan lambu. Yawancinsu ruwa ne, don haka sauke zafin kilo ɗaya da digiri ɗaya na cin kusan kilojul 4. Daga digiri 30 zuwa 5, tan ɗaya zai ci kilojul 100,000, wato kusan kilowat-awa 28. Kin ga kayan da kika shigar sun fi bangon gaba ɗaya nauyi a kan inji har kusan ninki uku. Ban ma sa numfashin kayan ba, domin kayan lambu da 'ya'yan itace suna da rai bayan an tsinke su, suna ci gaba da fitar da zafi. Ban sa iskar da ke shiga ta ƙofa ba.

Ita kwantenar jirgi an tsara ta ne don ta riƙe sanyin kayan da aka riga aka sanyaya a wani wuri, aka loda, aka rufe, ba a sake buɗewa sai bayan makonni. Aikin Hajiya kishiyar wannan ne: kaya masu zafi kullum, ƙofa a buɗe kullum. Za ta yi sanyi, ban ce ba za ta yi ba, amma a hankali, kuma tsakiyar lodin zai daɗe da ɗuminsa.

Tsohon Makanike:
Lissafinka daidai ne, yaro, amma takarda daban, fili daban. Kwantena na hura iskarta ta ƙasa, ta cikin ramukan daɓen alminiyon nan, ta ratsa kaya ta hau sama ta koma inji. In aka jera kaya yadda ya kamata, ba a wuce jan layin da ke jikin bango ba, ba a bar daɓe a buɗe kusa da inji iska ta yi gajeren zango ta koma ba, tana aiki sosai. Masu kuka da ita yawanci jibga kaya suke yi kamar a ɗakin ajiye buhuna.

Injiniyan Sanyi:
Haka ne Baba. Sai dai faɗin cikinta bai wuce mita 2.3 ba. In ka bar hanyar da mutum zai bi ya ɗauko kayan ƙurya, rabin daɓen ya zama fili, iskar kuma ta nan za ta gudu. A jirgi ba a barin hanya, cika ta ake yi maƙil.

Mai Sarin Kifi:
Ku bari in ba Hajiya labarin abin da ya same ni, ko zai yi mata amfani. Na sayi tsohuwar kwantena wurin wani dillali. A gabana ya kunna ta, babu komai a ciki, cikin sa'o'i kaɗan allon ya nuna 18 ƙasa da sifili. Na biya. Da aka kawo aka loda, inji ya ƙi hutawa, dare da rana yana ruri. Da asuba in ka zagaya bayanta sai ka ga wasu wurare a jikin bango sun yi gumi, ruwa na tsattsafowa kamar tulu, sauran jikin kuma a bushe. Na kira mai gyara, ya ɗora tafin hannunsa a wurin, ya ce in taɓa. Sanyi ƙarara. Ya ce kumfar da ke ciki ta sha ruwa ta wani tsohon faci da aka yi wa bangon, kuma kumfar da ta jiƙe ba ta tare zafi. Injin lafiyarsa lau, akwatin ne ya mutu. Kuma ba a gyara wannan da sauƙi, sai an fasa bango.

Ban ce kowace tsohuwar kwantena haka take ba. Amma gwajin da aka yi mini na ɗaki ne babu kaya, kuma ɗakin da babu kaya ko rarake ne zai yi sanyi.

Tsohon Makanike:
Allah ya mayar maka da alheri. Wannan ha'incin dillali ne. Tsohuwar kwantena ana duba ta ne kamar yadda ake duba dabba kafin a saya. Ka shiga ciki a rufe ka da rana tsaka, ka duba ko haske na shigowa ta gefen ƙofa. Ka bi facin bango ɗaya bayan ɗaya. Ka bar ta ta kwana a kunne, ka zo da sassafe ka shafa jikinta. Ka duba awannin da kwampreso, wato zuciyar injin mai matse gas, ya yi a allon injin. In da hali a ɗora ta a sikeli: nauyinta na asali a rubuce yake a ƙofa, in ta zarce shi sosai, ruwa ta sha.

Hajiya Mai Sito:
Subhanallahi. Malam Mai Kifi, na gode da ka faɗi wannan. Wata tambaya, Baba: wutar da ke sitona za ta ɗauki kwantena?

Tsohon Makanike:
Nan kam sai in faɗi gaskiya ko da ba ta goyi bayana ba. Injin kwantena wuta mai layi uku yake so, volt 380 zuwa 460, da fulogi na amfiya 32. In layi ɗaya gare ki, sai an ja miki sabon layi ko ki nemi janareta mai layi uku. Kuma in layi ɗaya ya ɗauke ya bar biyu, ko wutar ta yi ƙasa, kwampreso na iya ƙonewa in babu abin kariya. Ƙaramin ɗakin allo ana samun injinsa mai layi ɗaya.

Ɗalibar Injiniya:
Sannunku iyaye da yayye. Ni ɗaliba ce, amma ina so in sa baki a kan abin da ba a taɓo ba, wato gas ɗin da ke cikin injin, domin shi ne ke juya kasuwar nan yanzu. Duk wanda zai sayi injin da yake fatan ya yi shekara 10 ko 15 ya kamata ya tambayi wane gas ne a ciki.

Yarjejeniyar Montreal ta 1987 ita ta kori tsofaffin gas masu huda lemar ozon, irin su R-12, kuma R-22 ma yana kan hanyar fita. Waɗanda suka maye gurbinsu, irin R-134a da R-404A, ba sa taɓa ozon amma suna riƙe zafi a sararin samaniya. Kilo ɗaya na R-134a daidai yake da kilo 1,430 na iskar kabon, na R-404A kuwa 3,922. Shi ya sa a Oktoban 2016 ƙasashe suka haɗu a Kigali ta Ruwanda suka yi wa yarjejeniyar gyara, gyaran ya fara aiki a Janairun 2019. Ƙasashe masu arziki za su rage waɗannan gas da kashi 85 cikin 100 zuwa 2036. Yawancin ƙasashe masu tasowa sun tsayar da ƙaruwarsu daga 2024, za su rage kashi 80 zuwa 2045. Tarayyar Turai tun Janairun 2020 ta hana sabbin injunan sanyi na girke masu gas da ƙarfinsa na riƙe zafi a wannan ma'auni ya kai 2,500, wato R-404A ya fita ke nan. Amurka ma ta yi tata dokar a 2020.

Abin da wannan ke nufi ga mai saye: injunan R-404A da aka daina so a can ba ɓacewa suke yi ba, kasuwar wasu wurare suke nufa, a kan farashi mai jan hankali. Injin zai zo da araha, amma gas ɗin da za a riƙa ƙara masa kullum raguwa yake yi a duniya.

Mai Gyaran Firji:
Ƙanwata, karatunki ya yi kyau, amma kada a tsorata Hajiya. Injin da aka haɗa da kyau, aka yi waldar bututunsa da kyau, ba ya shan gas kamar mota da mai. Gas zagayawa yake yi a rufe. In ana ƙara wa inji gas duk bayan wata uku, yoyo yake yi, kuma mai gyaran da ke ƙarawa bai nemo ramin ba cutar mai kaya yake yi. Ni na fi damuwa da a samu gas ɗin da masu gyara suka iya aiki da shi. Me za a yi da injin zamani in ya tsaya babu wanda ya san kansa?

Ɗalibar Injiniya:
Gaskiya ne yayana, ban musa ba. Amma akwai tsaka-tsaki. R-448A da R-449A ƙarfinsu wajen 1,400 ne, kuma aikinsu ya yi kusa da na R-404A, duk wanda ya iya wancan zai iya waɗannan. Sai kuma R-290, wato furofen, wanda nasa 3 ne kacal, kuma yana jure yanayin zafi sosai.

Mai Gyaran Firji:
Furofen gas ɗin girki ne fa, yana kamawa da wuta.

Injiniyan Sanyi:
Yana kamawa, shi ya sa aka ƙayyade yawansa. Da can giram 150 ne iyaka a kowane zagaye na injin kasuwanci mai haɗe da kansa, a 2019 ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta ɗaga shi zuwa giram 500. Ana samun furofen a injunan nan dunƙulallu da ake ratayawa a bango ko a ɗora a rufin ɗakin allo: an cika musu gas tun daga masana'anta, an rufe, babu bututun da za a ja a wurin aiki, babu walda. Ga ƙaramin ɗaki a fili, inda iska ke kaɗawa, ina ganin sun dace. Sharaɗin kawai, ranar gyara a kira wanda aka horar a kan gas mai kamawa, ba mai zuwa da wutar walda ya fara hurawa ba.

Iskar kabon kuma, R-744, manyan kantuna a Turai sun rungume ta, amma tana da iyaka a digiri 31: in waje ya wuce haka ba ta komawa ruwa a kondensa, ɓangaren injin da ke zubar da zafi, yadda aka saba, sai da ƙarin dabaru da matsi mai yawa. Ga ƙaramin ɗaki a wuri mai zafi ban ba da shawararta ba.

Hajiya Mai Sito:
To Injiniya, a ce na zaɓi ɗakin allo. Baba ya ce asalinsa na cikin gini ne. Me zai sa ya jure waje?

Injiniyan Sanyi:
Maganar Baba gaskiya ce, kuma a nan ake cutar mutane: a kawo ɗakin cikin gini a kafa a fili a tafi. Allunan suna haɗuwa ne da ƙugiyoyi a gefe, kuma duk layin haɗin da ke rufi hanyar ruwa ce. Dole a shimfiɗa masa rufi na biyu, ko ledar rufi guda ɗaya marar haɗi wadda ta sauko ta lulluɓe gefuna, ko kwano mai gangara. Ni na fi son rumfa sukutum a sama da tazara, iska na wucewa tsakani, domin rufin ƙarfe da rana ke duka yana yin zafi fiye da iskar wurin nesa ba kusa ba, kuma lissafin da na yi ɗazu da digiri 40 zai tashi. Launi fari. Ƙofa a yi mata 'yar rumfa don ruwa kada ya bi ta kan roba. Daɓen kankare a ɗaga shi sama da ƙasa, ruwan sama ya gangara nesa da ɗakin.

Sai kondensa, wato ɓangaren injin da ke waje yana zubar da zafi. Gas ɗin da ke cikinta yakan fi iskar waje zafi da digiri 10 zuwa 15. In waje 42 ne, tana aiki a 52 zuwa 57. Kowane digiri da ya ƙaru a nan yana ƙara cin wuta da kashi 2 zuwa 3 cikin 100, kuma sanyin da injin ke bayarwa yana raguwa. Ƙarfin da aka rubuta a takardar inji sau da yawa an auna shi ne a digiri 32. Ki ce wa mai sayarwa ya nuna miki ƙarfinsa a digiri 43, a rubuce, daga littafin masana'anta. In ya ce miki "doki biyar ne, ya isa", bai amsa ba. Doki ƙarfin motar lantarkin da ke juya kwampreso ne, ba yawan sanyi ba. A sa kondensar a inuwa, kada a matse ta da bango har iskar da ta fitar ta dawo mata, kuma a riƙa wanke ƙurar da ke toshe haƙarƙarinta.

Wanda ke ƙasa mai tsananin hunturu matsalarsa ta juye: sai an sa wa kwampreso hita don gas kada ya kwanta cikin mai, a kuma sa abin da zai rage gudun fanka. Wato ɗakin waje na kowane yanayi da irin shirinsa.

Mai Sarin Kifi:
Injiniya, ka yi maganar daɓen firiza. Na ga inda kankare ya kumbura ya tsage.

Injiniyan Sanyi:
Ƙwarai. In ɗaki na ƙasa da sifili ne, sanyi na ratsa daɓe a hankali har ya daskarar da damshin ƙasa, ƙanƙara ta kumbura ta ɗaga ginin. Maganinsa kumfa a ƙarƙashin daɓe, da wayar hita ko bututun iska a ƙasanta. Bangon firiza kuma milimita 120 zuwa 150, ba 100 ba. Ƙofarsa na son hita a kewaye don roba kada ta manne, da ɗan bawul mai daidaita matsin iska, in ba haka ba bayan an rufe sai ƙofa ta ƙi buɗuwa. A nan kwantena ta yi fintinkau, domin a kan duwatsu ko tubala ake ɗora ta, iska na bi ta ƙasa, babu ruwanta da wannan matsala.

Tsohon Makanike:
Madalla da ka faɗa da bakinka.

Mai Kantin Magani:
Hajiya, abu ɗaya ya tsaya mini a rai tun saƙonki na farko. Kin ce kayan lambu da 'ya'yan itace, kin ce nama da kifi. Ɗaki ɗaya ba zai ɗauke su duka ba. Mu a magani an ƙayyade mana digiri 2 zuwa 8, kuma allurar rigakafi da yawa in ta daskare ta lalace ko da ba a gani a ido. Kayanki ma haka suke. Ɗanyen nama da kifi kusa da sifili suke so, daskararru 18 ƙasa da sifili. Ayaba kuwa in ta sauka ƙasa da 13 sai ɓawonta ya dushe ta ƙi nuna da kyau, tumatir ma ba ya son ƙasa da 10. Tuffa da ayaba na fitar da iskar etilin da ke sa ganye ya yi rawaya. Ga wari, ga ruwan nama da bai kamata ya kusanci abin da za a ci ɗanye ba.

Sannan ki sayi 'yar na'urar da ke rubuta zafin ɗaki dare da rana tana turo saƙo a waya in ya hau. Ɗakin da ke bayan gini ba mai jin shirunsa in ya tsaya da tsakar dare.

Injiniyan Sanyi:
Wannan ita ce babbar hujjar ɗakin allo a wurina. Ana raba shi gida biyu da bango a tsakiya, kowane da ƙofarsa da injinsa, kuma in ɗaya ya tsaya ba a rasa duka ba. Kwantena inji ɗaya ne, sanyi ɗaya.

Mai Sola:
Tun ɗazu nake jira a zo kan wuta. Ɗakin da ke fili yana da wata riba da na cikin gini ba shi da ita: rumfar da Injiniya ya ce a yi, da faifan sola za a rufa ta. Inuwa ta samu, wuta ta samu, kuma lokacin da rana ta fi zafi, lokacin da inji ya fi buƙata, shi ne lokacin da faifan suka fi bayarwa. Matsalar dare ce. Batir na da tsada kuma zafi na rage masa kwana. Shi ya sa masu ƙera ɗakunan sola, irin kamfanin Ecozen na Indiya, suka koma adana sanyin kansa maimakon wuta: da rana inji ya daskarar da ruwa ko wani sinadari a cikin tanki ko faranti, da dare fanka kawai ke juyawa. Kilo ɗaya na ƙanƙara na shanye kilojul 334 kafin ya narke, wato tan ɗaya ya kai kilowat-awa 93 na sanyi. Ruwa kuma ba ya tsufa kamar batir. A haɗa da kwampreso mai inbata, wanda ke tashi a hankali ba ya fizgar wuta.

Mai Gyaran Firji:
Ga ɗakin kayan lambu na yarda. Ga firiza mai 18 ƙasa da sifili, ƙanƙarar ruwa ba za ta riƙe shi ba, ita a sifili take narkewa. Kuma duk mai kayan da za su lalace a kwana ɗaya kada ya kwana babu janareta, ko da sola ta cika rufin.

Mai Sola:
Ban ce a jefar da janareta ba, yayana. Cewa na yi ya riƙa hutawa.

Manomin Lambu:
Ni ƙaramin mai ƙarfi ne, ina karantawa ina ƙaruwa. Na ji labarin wata na'ura, CoolBot, da wani manomi a jihar New York ta Amurka, Ron Khosla, ya ƙirƙiro, wadda ke sa na'urar sanyaya ɗaki ta gida ta sauko har kusan digiri 2. Wannan ba zai yi wa Hajiya ba?

Injiniyan Sanyi:
Tana aiki, Malam, kuma ga manomi mai ɗaki mai kumfa sosai wanda ke buɗe ƙofa sau kaɗan a rana dabara ce mai kyau. Amma ba ta daskarewa, kuma ba ta son yawan buɗe ƙofa. Tan ɗaya da rabi na kaya masu zafi kullum ya fi ƙarfinta. Kai dai za ta iya yi maka.

Ɗalibar Injiniya:
Tambayar Malam Manomi ta nuna inda kasuwar take da giɓi. A sama akwai ƙattai irin Lineage da Americold masu manyan rumbunan sanyi a ƙasashe da yawa; Lineage ta shiga kasuwar hannun jari a Yulin 2024 ta tara sama da dala biliyan 4. Amma asarar ba a wurinsu take faruwa ba. Rahoton hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya na abinci da na muhalli a 2022 ya ce a 2017 an yi asarar tan miliyan 526 na abinci saboda rashin sanyaya, kusan kashi 12 cikin 100 na abin da duniya ta samar. Da yawa daga cikin wannan tsakanin gona da kasuwa ne, inda babu gini, sai fili. Shi ya sa ƙananan ɗakunan waje ke samun kasuwa, har da masu bayar da su haya, ko masu karɓar kuɗi a kan kowane kwando a kwana.

Tsohon Makanike:
Haya kam shawara ce, 'yata. Hajiya, kafin ki zuba kuɗinki, ki karɓi hayar kwantena na wata biyu ko uku a lokacin da kaya suka fi yawa, in wutarki ta ɗauka. Za ki san ainihin yawan wurin da kike buƙata, ki ga yadda yaranki ke yi da ƙofa. In ta lalace, ta mai ita ce. Kuma har yanzu ina kan bakana: daskararren kifi da nama, waɗanda ke zuwa da sanyinsu, babu abin da ya kai kwantena riƙe su.

Injiniyan Sanyi:
A kan daskararru ba ni da ja, Baba.

Hajiya Mai Sito:
Allah ya saka muku da alheri gaba ɗaya. Ga abin da na tsayar. Kayan lambu su ne kullum, su zan fara yi wa ɗakin allo gida biyu, ɗaya mai sanyi sosai ɗaya mai sauƙi don ayaba da tumatir, a ƙarƙashin rumfa. Nama da kifi su ci gaba da zama a firizojin ciki, in sun yi yawa in karɓi hayar kwantena kamar yadda Baba ya ce. Na rubuta tambayoyin da zan yi wa mai haɗawa: ƙarfin inji a digiri 43, wane gas, kaurin allo, yadda zai rufe saman. Sola sai na ga abin da ya rage a hannu. Akwai abin da na manta?

Mai Gyaran Firji:
Labulen roba a bakin ƙofa, tunda yara na shiga da fita. Da bututun da ke fitar da ruwan narkewar ƙanƙara: a yi masa lanƙwasa mai riƙe ruwa don iska mai zafi da ƙwari kada su biyo ta ciki.

Tsohon Makanike:
Da mariƙin buɗewa ta ciki, Hajiya. Ɗakin waje kwaɗo ake sa masa saboda ɓarayi, kuma yana bayan gini inda ba mai jin bugun ƙofa ta cikin kumfa mai kauri. Dole ya zama ko an datse kwaɗon ta waje, wanda ke ciki zai tura ya fita. Ranar da za su miƙa miki aikin, ki shiga da kanki, a rufe, a sa kwaɗon, a kashe fitila, ki laluba ki buɗe. In bai buɗu ba kada ki biya sauran kuɗin.

Hajiya Mai Sito:
In sha Allahu zan shiga da kaina, Baba. Zan sa kowane yaro ma ya gwada kafin a zuba kaya.